Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Masu Masana'antun Sharaɗa, Bompai da Challawa

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranku ya daɗe, iyayen gidanmu, Alhazai masu kamfanoni, da baƙinmu da suka taso daga nesa suka zuba dukiyarsu a Kano, da manajojin da ke riƙe muku amana. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kuna lafiya tare da iyali, ya kasuwa, ya haƙuri da mu. Allah ya ƙara buɗi.

Ni makaniki ne a sashen gyara. Shekarata 22 ina wannan sana'a. Na yi kamfanin fenti, na yi na buga rubutu a jikin leda, yanzu kuma ina wurin da ake yi wa fata feshin ƙarshe. Ina magana ne da bakin abokan aikina makanikai da masu lantarki da masu walda, da yaran da ke tsayuwa a ɗakin feshi da wurin haɗa launi, sannan da mutanen da gidajensu ke jingine da katangunku, waɗanda ba sa karɓar albashinku amma suna shan iska ɗaya da mu.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ƙarami ne a ido. A watan jiya takardar buƙatun sashenmu ta dawo daga ofis, an ja jan biro a kan layin sabon gawayin tace iska da filtoci, an rubuta “sai baɗi” a gefe. Bara ma haka aka rubuta, bara waccan ma haka. Na ɗauka ciwon gidanmu ne kaɗai, sai da muka haɗu da abokan sana'a a wurin wani suna, hira ta biyo ta kan aiki, na ji kowa da irin nasa jan biron. Shi ya sa ba zan kama sunan kowane kamfani ba. Wanda ya ji an taɓo shi, ya san kansa.

Ba mu jahilci halin da kuke ciki ba. Mu ne muke tayar da janareto, mun san abin da yake sha a awa ɗaya. Mun san a watan Afrilun 2024 an ɗaga kuɗin wutar rukunin A daga kusan naira 68 zuwa naira 225 a kowane yunit. Mun san yadda dala take wasa da kuɗin kayan gyara. Kullum kuma muna wucewa ta gaban kamfanonin da suka mutu, ciyawa ta cinye ƙofofinsu. Babu mai hankalin da zai so tukunyar da yake ci a ciki ta fashe. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ga wanda ofishinsa ke da nisa da wurin aiki, bari in faɗi abin da nake nufi da tururi. Tina, sholisho, gam ɗin takalmi, tawadar buga leda, fentin mai, maganin sheƙin fata, duk an dama su ne da sinadaran da ke tashi sama da kansu ko ba a ɗora su a wuta ba. A cikinsu akwai toluwin, da zailin, da asiton, da hegzen, wani lokaci har da ɓurɓushin benzin. Ido ba ya ganinsu yadda yake ganin baƙin hayaƙin janareto, shi ya sa ake raina su. Benzin kuwa yana cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankarar jini, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani gwargwado nasa da za a shaƙa a ce lafiya lau. Toluwin yana taɓa ƙwaƙwalwa, idan ya haɗu da ƙarar inji kuma yana gaggauta kurumta. Hegzen da ke cikin wasu nau'o'in gam yana kashe jijiyoyin hannu da ƙafa a hankali. A kamfanonin katifa akwai wani sinadari mai suna TDI, wanda idan ƙirjin mutum ya riga ya tsane shi, ɗan ƙanƙani ya isa ya tayar masa da asma. Tururin da ya fita waje kuma, ranar Kano tana dafa shi da hayaƙin motoci ya koma wata iska mai yaji da ake kira ozon, mai sa tari da zafin ido.

Saboda wannan ne da yawanku kuka sayi na'urorin tace iska, wasu da kuɗi masu nauyin gaske. Mun yaba. Kukanmu shi ne abin da ya biyo bayan ranar da aka yanka ƙyalle aka ɗauki hoto.

Zan fara da tankin gawayi, domin shi ne ya fi yawa a wurarenmu, kuma shi aka fi zalunta. Gawayin da ke ciki ba irin na mai shayi ba ne. Ana yin sa da ɓawon kwakwa ko kwal, a gasa shi ta hanya ta musamman har ya cika da ƙananan ramuka, ta yadda giram ɗaya yana iya samun filin da ya kai murabba'in mita 1,000 idan aka shimfiɗa cikinsa. Tururi yana bi ta ciki, ya maƙale a ramukan, iska mai tsabta ta wuce. To amma soso ne. Duk soson da ya sha ya ƙoshi, abin da aka zuba masa wucewa yake yi. Abin takaicin shi ne tankin da ya ƙoshi da wanda aka cika jiya kamanninsu ɗaya daga waje: fanka tana juyawa, fitila kore tana ci, ƙarar ma iri ɗaya. Alhaji zai zagayo da baƙo ya nuna masa da alfahari, alhali abin da ke shiga shi ne ke fita.

Yanayin garinmu ma ba ya taimaka masa. Gawayi ya fi riƙo idan da sanyi, a watan Afrilu kuwa zafi yana haura digiri 40, tankin ƙarfe yana tsaye a rana ba rumfa, har yakan saki abin da ya riƙe da safe idan azahar ta yi. Damina ta zo, laima ta cike ramukan da ya kamata tururi ya zauna. Hunturu ya shigo, ƙura ta toshe filtar gaba, in filtar ta yage ta shiga ta liƙe gawayin kansa. Wa'adin da maƙeri ya rubuta a littafinsa a can ƙasarsu ba lallai ya kai haka a Sharaɗa ba. Mu kuwa ko wannan wa'adin ba ma cikawa.

Ranar da na buɗe wani tanki bayan shekara 4 ba a taɓa shi ba, warin da ya buge ni sai da na dafa bango. Gawayin ya dunƙule kamar daskararren siminti a gefe guda, a ɗaya gefen kuma ya zaizaye ya bar rami da hannuna ke shiga har gwiwa. Ta wannan ramin iska take bi tsawon lokacin nan, domin iska kamar ruwa take, inda ya fi sauƙi take nema. Na kira manaja ya gani. Ya leƙa, ya toshe hanci da hankici, ya ce in mayar da murfin tukuna.

Akwai haɗarin da ya fi wannan saurin zuwa. Sinadarai irin su asiton da danginsa suna ɗumama gawayi idan suka taru a ciki. Idan aka kashe fanka ranar Juma'a da yamma aka tafi, ba iskar da za ta ɗauke zafin, tanki yana iya cin wuta daga ciki a hankali ba wanda ya sani, sai ranar Litinin an kunna fanka iska ta hura shi. Shi ya sa ake sa masa ma'aunin zafi. A wurare da yawa da na leƙa, wayar ma'aunin tana lilo a iska.

Idan kuma aka yi sa'a aka canza, ina tsohon yake zuwa? Na taɓa tare wani mai kura a bakin ƙofa da buhuna 6, an ba shi kyauta wai ya rage shara. Da na tambaye shi, ya ce zai gwada ko masu gasa masara za su saya. Ranku ya daɗe, dafin shekara da shekaru ne a cikin buhunan nan. Haka durom ɗin tina da ake sayar wa mata su tara ruwa a ciki.

Na biyu, hanyar da tururin ke bi kafin ya kai na'ura. Wannan ba ya cin kuɗi sosai, amma shi ne gindin komai. A ce rumfar da ke kan inji tana zuƙe kashi 50 cikin 100 na tururin da ke tashi, na'urar kuma ta kashe kashi 98 na abin da ya iso mata. Lissafin bai wuce 49 ba. Daga ragowar 51, guda 50 suna cikin ɗaki, suna cikin ƙirjin yaro. Ana iya sayen na'ura mafi tsada a duniya, bel ɗin fanka na 'yan dubbai ya mayar da ita kwalliya. Bel ya saki, fanka tana juyi rabi da rabi. Fenti ya daskare a fikafikanta, ta fara rawa, ta cinye boris. Bututu ya yi tsatsa ya huje a gwiwa, an ɗaure da tsumma da igiyar roba. An ƙara sabon inji an jona shi a tsohon bututu ba tare da an ƙara ƙarfin fanka ba, sai kowa ya samu rabin abin da yake samu da. Wani wurin ma mai lantarki ya juya waya bayan gyara, fanka tana juyawa da baya wata da watanni, tana ɗan ja kaɗan, ba wanda ya lura.

Gwajin da nake yi kowace safiya ba ya bukatar digiri. Ina yago 'yar takarda marar nauyi in riƙe a bakin rumfa. In ta manne, alhamdu lillahi. In ta faɗo ƙasa, na san yau yara za su koma gida da ciwon kai. Akwai kuma ɗan ma'aunin matsin iska da ake maƙalawa a jikin akwatin filta, mai jan ruwa a ciki ko mai allura. Idan ya hau, filta ta toshe. Idan ya faɗi ƙasa warwas, ta yage ko an zare ta. Na ga inda ruwan ya bushe tun tuni, na ga inda aka shafe fuskar ma'aunin da fenti lokacin da ake yi wa bango kwalliyar zuwan baƙi.

A tuna kuma, tururin nan ya fi iska nauyi. Na toluwin ya ninka ta kusan sau 3. Ƙasa yake kwanciya, a rami, a kwata, a ƙarƙashin inji, daidai inda makaniki yake kwanciya da sifana a hannu, daidai inda tartsatsin walda yake sauka.

Na uku ya shafi ƙalilan daga cikinku, masu tanderun ƙona tururi. Aikinsa shi ne ya riƙe tururin a zafin da ya kai digiri 760 zuwa 820 na kusan daƙiƙa ɗaya, ya ƙone ya koma ruwa da iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi. Wannan zafin shi ne aikin gaba ɗaya. Idan aka sauke shi don a rage shan mai, ba a rage aiki kaɗan ba, ɓata shi aka yi, domin tururin da ya ƙone rabi yana fitowa da wasu abubuwan da suka fi na farko sharri, ciki har da iskar nan mai kashe masu kwana da janareto a ɗaki. Tanderu mai amfani da ƙarfen taimako, wanda ake shafa wa filatinom, yana aiki a zafi ƙasa da haka, wajen digiri 300 zuwa 450, amma shi kuma yana da abokan gaba: silikon, da dalma, da farar wuta, da fosfaras suna kashe shi a hankali. Alamar yana raye ita ce iskar da ta fito ta fi wadda ta shiga zafi. In ma'auni biyun suka zo daidai alhali ana aiki, gawa ake yi wa hidima. Shi ma ma'aunin yana tsufa ya fara ƙarya, sai an riƙa gwada shi da wani.

Kowane irin tanderu yana da hanyar ratse, wata ƙofa da ke sakin tururi kai tsaye sama idan an shiga haɗari. Don gaggawa aka yi ta. A wurarenmu ta zama babbar hanya. Da an ɗauke wuta an koma janareto, umarnin farko da ke zuwa shi ne a sauke duk abin da ba ya kawo kuɗi, na'urar tace iska kuwa ita ce ta farko a layi. Maƙera sun san halin ɗan Adam, shi ya sa suke haɗa na'urar da injin aiki ta yadda in ɗaya ta tsaya ɗayan ma zai tsaya. Mu kuma an sa mu mun koyi yadda ake tsallake wannan da guntuwar waya. Na yi da hannuna, ba sau ɗaya ba. Ina neman gafarar Allah. Wannan kariyar da muke tsallakewa ita ce kuma ke hana tururi taruwa a bututu ya wuce rubu'in abin da zai iya kamawa da wuta. Ranar da ta ƙi mu, ba hancin maƙwabta kaɗai zai ji ba.

Na huɗu, littafin duba na'ura. A nan ma da laifina. Littafi ne da ya kamata a rubuta zafi da matsin iska da sa hannu kowace rana. Abin da aka saba shi ne a manta da shi a durowa, sai an ji baƙi masu dubawa suna tafe, a zaunar da mutum ɗaya ya cike wata 3 a dare ɗaya. Na taɓa yin wannan aikin da biro kala uku don kada a gane. Duk mai ido zai gane: lamba ɗaya tun daga farkon shafi har ƙarshe, har da ranar Sallah da ba wanda ya zo aiki. Washegari a share harabar, a kunna komai tun asuba, a rage feshi, baƙi su zaga su tafi, a kashe. Wannan shi ne kitso da ƙwarƙwata. Wanda aka fi cuta da littafin ƙarya kuwa ku ne, domin shi ne kaɗai idon da kuke da shi a kan dukiyar da kuka saya.

Sai maganar yara. Akwai wani da ya zo mana yana ɗan shekara 19, mai fara'a, an sa shi ɗakin feshi. Watannin farko kullum yana kukan wari da jiri. Daga baya ya ce min, “Baba, ai na saba, yanzu ko ji ba na yi.” Ya ɗauka ƙarfi ya yi. Hancinsa ne ya gaji ya daina kai rahoto, huhu kuwa yana nan yana karɓa. Na riƙa lura da shi a wurin cin abinci: ya rage ci, ya yawaita mantuwa, hannunsa yana ɗan karkarwa in ya ɗaga kofi, matarsa ta ce ko ya yi wanka numfashinsa warin tina yake. Bayan shekara 3 ya ajiye aikin ya koma garinsu. Ni ba likita ba ne, ba wanda ya auna shi kuma, wannan ma shi ne abin kukan. A wannan ɗakin, fankar ta yi wata 7 tana jiran boris.

Abin da ake ba su shi ne takunkumin tsumma da madarar gwangwani. Takunkumin ƙura ba ya tare tururi, kamar a tare hayaƙi da rariya ne. Wanda ke yi shi ne mai gwangwanin gawayi a gefe, shi ma gwangwanin yana ƙoshi kamar babban tanki, sai an canza, in an tashi aiki kuma a ɗaure shi a leda. Madara abinci ce, a ci gaba da ba su, Allah ya saka. Amma ciki take zuwa. Abin da ya bi ta huhu ya shiga jini, ba ta da hanyar cim masa.

Bayan katanga kuma akwai gidaje da makarantun allo da masu abinci. Lokacin da aka yanka waɗannan unguwannin masana'antu, daji ne a kewaye. Yau gari ya zagaye ku. A daren hunturu, lokacin da iska ke kwanciya ba ta tashi, tururin da aka saki a aikin dare yana sauka cikin tsakar gidajen mutane, uwa ta tashi ta rufe taga a kan jariri. Yawancinmu mun san hadisin da ya ce babu cuta babu cutarwa. Maƙwabci yana da haƙƙi ko da bai san sunan abin da ke sa shi tari ba.

Ba ina yi muku barazana da doka ba ne, amma tana nan. Tun abin da ya faru a garin Koko na jihar Delta ta yanzu a 1988, lokacin da aka jibge dubban durom na guba daga Italiya, ƙasar nan ta kafa hukumar kare muhalli, wadda NESREA, hukumar tilasta bin dokokin muhalli, ta gada a 2007. An fitar da ƙa'idojin masana'antun saƙa da fata da takalma a 2009, da na roba da katifa a 2011, da na ingancin iska a 2014. Dokar masana'antu ta wajabta fitar da tururi mai cutarwa daga wurin aiki. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda kuke zuba kashi 1 cikin 100 na albashi saboda ita, ta haɗa da cututtukan da aiki ke jawowa. Masu sayen fata daga Turai ma sun fara tambayar abin da ke fita ta bututu kafin su sa hannu. Wata rana wani zai zo da na'urar awo a aljihu maimakon ya tsaya a kan littafi.

To ga abin da muke roƙo.

A mayar da layin da aka soke. Kuɗin gawayi da filta da bel da boris da giris su zauna a kasafi kamar yadda kuɗin man janareto yake zaune, a kuma ajiye na canji a sito, kada sai abu ya mutu a fara neman dala. A sayi na'urar awon tururi ta hannu ko guda ɗaya, mu riƙa auna bakin shiga da bakin fita na tanki kowane mako, mu daina canki-canki. In ta yi wa kamfani ɗaya tsada, ku haɗu ta ƙungiyarku ku saya ku riƙa karɓa-karɓa, kamar yadda kuke haɗuwa a kan maganar wuta da haraji. Haka nan gawayi, in kun haɗa oda zai fi sauƙi, kuma ku sa sharaɗin mai kawo sabo ya tafi da tsoho inda aka amince a kai shi. Kada buhu ɗaya ko durom ɗaya ya sake fita ta hannun mai kura.

A ware mutum ɗaya da sunansa a kowane kamfani, wanda na'urar nan take wuyansa, a tura shi ya koyo, a fassara masa littafin maƙeri, domin na ga wanda ya zo da Sinanci da wanda ya zo da Italiyanci, suna nan a leda ba a taɓa buɗewa ba. Sannan a ba shi ikon da ya fi komai wuyar bayarwa: in fanka ta tsaya ko zafi ya faɗi, ya dakatar da feshi har a gyara, ba tare da an zaftare masa albashi ko an kira shi mai taurin kai ba. A cire duk wata guntuwar waya da aka tsallake kariya da ita. A sa wa hanyar ratse hatimi, duk ranar da aka buɗe a rubuta dalili da awa. A lissafa na'urar tace iska cikin kayan da janareto zai ɗauka. In ba zai iya ba, to a jinkirta feshin zuwa dawowar wuta.

Littafi kuma a bar shi ya faɗi gaskiya. Shafin da ya ce “yau bel ya tsinke, an gyara ƙarfe 11” ya fi shafi 100 masu lamba ɗaya daraja. Manaja ya sa hannu kowane mako, kuma kada a hukunta wanda ya rubuta mummunan labari. Sau ɗaya a shekara, lokacin da ake tsayar da aiki don babban gyara, a ba mu kwana 2 mu buɗe komai: mu kankare bututu, mu duba tsatsa, mu gwada ma'aunai, a kuma kira masani daga waje ya auna abin da ke fita. Jami'o'in garin nan suna da malaman sinadarai da injiniyoyi.

Akwai waɗanda ba sa cin ko kwabo, ribar ma taku ce. A rufe bakin durom da bokitin tina. A daina jiƙa tsumma a watsar a ƙasa, a tara shi a gwangwani mai murfi. A gyara bindigar feshi ta daina watsa rabin fenti a iska. Duk litar da ta tashi sama da dala kuka sayo ta. Inda za a iya komawa fenti ko maganin fata mai damawa da ruwa, a gwada ko a layi ɗaya ne a gani. A ɗora wa tankin gawayi rumfar kwano.

Yaran ɗakin feshi da masu shafa gam, a ba su takunkumin da ya dace, a riƙa juya su kada mutum ɗaya ya shekara a wuri ɗaya, a kai su asibiti a duba jini da ƙirji da ji ko sau ɗaya a shekara. Mata masu juna biyu a ɗauke su daga wurin gam. Maƙwabta kuma a ba mai unguwa lambar da zai kira in wari ya yi yawa da dare, a kuma ɗaga in ya kira.

Ga jami'an da ke zuwa dubawa, in wasiƙar nan ta iso gare ku, roƙona ɗaya ne: ku riƙa zuwa ba sanarwa, wani lokaci da dare, ku wuce ofis ku nemi makaniki. Ku tambaye shi rasit ɗin gawayin ƙarshe, ku duba kwanan watan.

Ranku ya daɗe, na san wasunku rabon da su taka bayan kamfani inda tankin yake tun ranar da aka kafa shi. Ina roƙon kowane ɗayanku ya zaɓi rana ɗaya cikin makon nan, ba tare da ya gaya wa manaja ba, ya zagaya can da misalin ƙarfe 2 na rana lokacin da feshi ya kankama. Ya tafi da 'yar takarda ya riƙe a bakin rumfa, ya sa makanikinsa ya kwance masa murfin tanki. Sifana mai lamba 17 ko 19 ce, ba ta wuce minti 10.

Na gode da haƙurin karantawa. In na yi kuskure a lafazi, a yafe min.

Wassalam.

Naku mai biyayya,
Wani makanikin sashen gyara,
a madadin abokan aikinsa,
Kano.